JAR ƘASA A LAYI NA BAKWAI

Shafi na 31

Masu cika min waya da cewa na bar Yamna a rumfa kwana biyu babu labari, ku yi haƙuri, ga ta nan. Wanda bai karya ba ya je ya karya tukuna, wannan shafin ba na mai yunwa ba ne.

*

Kwana shida ke nan ganyen yana yi wa Yamna gardama.

Ta tsuguna a bakin layi na bakwai, ta kama ganye ɗaya ta juya bayansa. Jiya gefe-gefe ne kawai ya yi rawaya. Yau rawayar ta shige har tsakiya, bakin ya ƙone ya nannaɗe kamar takardar da aka kai kusa da wuta.

Ba abin da ba ta gwada ba. Ranar farko ta ce yunwa ce, ta ƙara taki a tanki. Washegari ta ce ko takin ne ya yi yawa, ta sirka da ruwa. Ta auna tsamin ruwan safe da yamma, ma'auni ya ce lafiya lau. Ta zargi ma'aunin, ta aika garin Taunat aka aro mata wani, shi ma abin da ya faɗa ke nan. Ta lulluɓe tankin da buhuna don kada rana ta dafa ruwan. Duk a banza.

Abin da ya fi ɗaure mata kai bai wuce ɗaya ba. Layi goma sha biyu ne a rumfar noman, kowanne da tsiron wiwin magani hamsin, babu ƙasa ko ƙwaya, saiwoyinsu a cikin ruwan da ke zagayawa ta bututu. Tanki ɗaya suke sha. To me ya sa layi ɗaya tal ke mutuwa?

Ga shi yau Talata. Jibi Alhamis masu duba na hukuma za su zo, su ƙirga tsiro ɗaya bayan ɗaya, su karanta lambar da ke maƙale a wuyan kowanne, su yanki ganye su tafi da shi gwaji. Lasisin kuma sunan mahaifinta ne a kai. Mufaddal, mutumin da ya yi shekara goma sha uku bai taka kasuwa ba don tsoron jandarmomi, sai da afuwa ta zo wa manoman dutse sannan ya san daɗin kwana a ɗakinsa.

Ta riga ta ɗaga tsiron farko na layin tun ranar Juma'a, saiwarsa fara tas. Sauran kuwa yayanta Ayyashi ya ce ya duba mata, ba komai.

Yau dai zuciyarta ta ƙi yarda da “ba komai”.

Ta wuce na farko, ta tafi can tsakiyar layi, ta sa hannu biyu ta ɗago tsiro da ɗan kofinsa.

Warin ne ya fara dukanta. Wari irin na tsumman da aka manta a ƙasan randa.

Saiwar ta yi ruwan ƙasa, tana yauƙi. Ta ɗan ja da yatsa biyu, fatar ta saɓule ta bar zare siriri. Ruɓa ce. Wannan ta san shi, ta karanta, ta gani a makaranta a birnin Fas. Amma ba shi ne ya tsayar da ita ba.

A ƙasan kofin, tsakanin 'yan duwatsun da ke riƙe da tsiron, akwai wani abu da ya manne.

Ta goga a tafin hannu. Ta murza.

Ƙasa. Jar ƙasa.

Ta ɗago na gaba. Haka. Na gabansa. Haka. Ta kama zoben lambar da ke wuyan tsiron ta kai kusa da ido. An yanka shi, an sake liƙe shi da wuta, ga tabon nan baƙi ƙarami. Sai yanzu ta buɗe ganyen da bai gama nannaɗewa ba ta shimfiɗa shi a hannu. Ya fi faɗi. Yatsunsa gajeru ne masu kauri. Ba irin da aka ba su ba ne.

Rumfar da ko kaza ba ta shiga. Rumfar da sai ka tsoma takalmi a kwanon magani kafin ka taka. Kuma duk kwarin nan ƙasarsu fara-fara ce mai tsakuwa. Jar ƙasa wuri ɗaya take, can saman dutse, bayan daji.

Gonar Bushta, mai noman wiwin maye.

“Injiniya, a taimaka a buɗe wa talaka ƙofa, hannuna ya cika.”

Muryar Ayyashi ce. Ya turo ƙofar da kafaɗa, kwanon bisara, faten wake, a hannu ɗaya man zaitun na yawo a kai, burodi a hammata.

“Inna ta ce in ba ki ci ba a ɗura miki ta bututu, tunda ke da ganyen nan kun zama 'yan uwa.”

Ba ta yi dariya ba.

“Tsoma takalminka.”

“Na tsoma.”

“Yaya, zo nan.”

Ya ajiye kwanon a kan benci ya taho yana taunar gutsuren burodi. Da ya ga abin da ke hannunta sai bakinsa ya tsaya.

“Ka ce ka duba saiwoyin.”

“Na duba.”

“Wanne?”

“Na… na farko da na ƙarshe.”

“Me ya sa na farko da na ƙarshe?”

Ta buɗe masa tafin hannunta.

“Mene ne wannan?”

“Datti ne mana. Iska na iya…”

“Iska ce ta yanka lamba ta liƙe da wuta?”

Ya waiwaya wajen ƙofa. Yamna ta san wannan waiwayen tun suna yara, irin wanda yake yi in ya fasa abu yana lissafin hanyar gudu.

“Kwana huɗu na yi a Fas,” ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. “Kwana huɗu kacal, na bar maka mabuɗi. Ina namu suke?”

“Yamna, rage murya.”

“Ina tsiranmu arba'in da takwas?”

“An binne.”

“An binne?”

“A bayan rijiya.”

Ta matso kusa da shi.

“Ka san abin da ka yi? Jibi za su yanki ganyen nan. Gwaji ɗaya, su ga wannan ba na magani ba ne, na masu maye ne. Sunan wa ke kan takarda? Sunanka ne? Mutumin da bai yi shekara biyu da fara fita da rana ba, shi za ka mayar? Nawa Bushta ya ba ka?”

“Ko dirhami ban karɓa ba.”

“Ƙarya kake.”

“Wallahi ban karɓa ba.”

“To me ya sa?”

Idonsa ya kaɗa. Ya cusa gutsuren burodin a aljihu kamar wanda ya rasa inda zai kai hannunsa.

“Ni ƙofa kawai na riƙe.”

“Wa ka riƙe wa?”

Ba sai ya amsa ba ma. Mabuɗin rumfar nan uku ne, na ukun yana hannun mahaifinsu.

Suna tsaye a haka suka ji ƙarar takalmi a cikin kwanon magani. A hankali, ƙafa ɗaya, sannan ɗayar. Mutum ɗaya ne a gidan yake tsoma takalmi da ladabi irin haka, kamar mai shiga masallaci.

Mufaddal ya shigo da jallabiyarsa mai ruwan toka, carbi a hannu. Ya dubi ɗansa. Ya dubi tsiron da ke hannun 'yarsa, ruwa na ɗiga daga ruɓaɓɓiyar saiwar zuwa kan siminti.

Bai tambayi komai ba.

“Ayyashi, rufe ƙofa.”

Ya rufe.

“Baba,” in ji Yamna.

“Sau uku na wanke su,” tsohon ya ce, yana kallon saiwar. “Ɗaya bayan ɗaya, a bokiti. Na ɗauka na fitar da ƙasar duka.”

“Baba, kai ne?”

“Shekara arba'in ina noma, 'yata. Ban taɓa jin inda ƙasa ta kashe shuka ba.”

“A nan tana kashewa. Cutar a cikinta take zaune. A gona rana da iska suna danne ta, a ruwa kuwa ta samu gida.” Ta dube shi. “Ba wannan nake tambaya ba. Me ya sa?”

Ya nemi bokitin taki da aka kife ya zauna a kai. Yamna ba ta taɓa lura ya tsufa haka ba.

“Bushta ya zo ranar da kika tafi. Ya ce rijiyarsa ta ƙafe, jandarmomi kuma sun fara shawagi a saman dutse. Ya ce waɗannan iyayen iri ne, daga ƙetaren teku aka kawo masa, duk abin da zai shuka baɗi daga jikinsu zai yanka. Yana son wurin da akwai ruwa, kuma wurin da jandarma ba ya bincika. Wata biyu kawai.”

“Sai ka ce to.”

“Na ce a'a.”

“Amma ga su.”

“Sau biyu na ce a'a.”

“Don ya ɓoye ka lokacin da ake nemanka? Baba, rabin ƙauyen nan sun ɓoye ka. An yi afuwa. An yafe. Ba shi da abin da zai kai ka da shi ko'ina.”

Tsohon ya ja carbi ƙwaya ɗaya, ya tsaya.

“Noma aka yafe.”

Ayyashi ya juya musu baya ya kafa goshi a jikin ƙarfen rumfa.

“Ban gane ba,” in ji Yamna.

“Shekarunki nawa lokacin gobarar daji?”

“Tara.”

“Me aka ce muku?”

“Tsawa ce ta faɗa kan itace.”

“A watan da ko gajimare babu.”

Ya sunkuyar da kai ya ci gaba.

“Bushta yana son ƙarin fili. Ni kuma a lokacin a ƙarƙashinsa nake. Ya ce kadada biyu kawai za a ƙone, iska ta kwanta, kafin la'asar an gama. Shi ya kawo man. Ni na ƙyasta.”

“Baba, ka yi shiru.”

“Iskar ta juya.”

“Na ce ka yi shiru.”

“Ban san Hammadi ya hau duba amyoyinsa ba. Ya ce min zai je kasuwar Gafsai. Da bakinsa ya faɗa min da safe.”

Kawu Hammadi. Ƙanin Inna, mai zuma, wanda yake ɗora ta a wuya ya zaga da ita gida yana kukan jaki. Wanda aka sauko da shi daga dutse a naɗe cikin bargo ba a bar kowa ya buɗe ba. Har yau duk Juma'a Inna sai ta sa malafarta ta tafi maƙabarta da butar ruwa, Baba kuma shi ke raka ta, ya tsaya a bakin ƙofa yana jira.

Sai yau Yamna ta gane abin da ya sa ba ya shiga.

Tsiron ya suɓuce daga hannunta ya faɗi.

“Inna ta sani?”

“Da ta sani da kin gan ni a gidan?”

“Kai fa?” ta juya wajen Ayyashi.

“Ranar da aka kawo su na ji,” ya ce ba tare da ya juyo ba. “A gabana Bushta ya faɗa. Yana dariya, kamar labarin biki.”

“Ya ce mutum biyu da suka ga na ɗauki jarkar man suna nan da rai,” in ji Mufaddal. “Ya ce ba ma sai an je kotu ba. Shayi ɗaya zai sha da mahaifiyarku.”

Injin ruwa yana ta gurnaninsa a kusurwa. Yamna ta tsaya tana jin sa, sai wani abu ya faɗo mata. Ruwan nan da ya wanke waɗannan saiwoyin yana komawa tanki. Daga tanki yana fita zuwa kowane layi. Kwana goma sha ɗaya yana wannan zagayen.

Ta ruga layi na takwas ta ɗago ɗaya daga tsakiya. Fara ce, amma bakin ya fara yin launin shayi. Ta tsallaka na uku. Haka. Na goma sha biyu, wanda ya fi kowanne nisa. Ta kai hanci. Warin yana nan, kaɗan, amma yana nan.

“Ya shiga duka.”

“Duka?” in ji Ayyashi.

“Rufe famfon na bakwai. Yanzu. Jan hannun, ka murɗa shi dama.”

Ya ruga ya murɗa.

“Za a zubar da tankin nan kaf, a wanke shi, a wanke bututu, a sa sabon ruwa. In mun fara yanzu ƙila mu tsira da rabi. Waɗannan kuma,” ta nuna layi na bakwai, “a tumɓuke su a ƙone.”

“A'a,” in ji Mufaddal.

“Baba, su ne cutar.”

“Ya ƙirga su.”

“In suka kwana biyu a nan, masu duba za su same su.”

“In kika cire su, masu duba za su samu rami arba'in da takwas. Za su ce ina suke? Ki ce sun mutu. Su ce ina gawar, ina lambobin, me ya sa ba ki sanar ba? Ki miƙa musu lambar da aka yanka aka liƙe?”

Gaskiyarsa. Duk inda ta juya bango ne.

“To me kake so in yi?”

“Ki warkar da su.”

“Su wa?”

“Duka. Ke kika yi karatun.”

Dariya ta kusa ƙwace mata, irin wadda ba ta da alaƙa da daɗi.

“Baba, saiwar da ta ruɓe ba ta dawowa.”

A nan ne suka ji mota ta tsaya a bayan rumfa. Ba a hanyar gida ba, a hanyar da ke saukowa daga dutse.

Ba wanda ya motsa.

Aka ƙwanƙwasa sau biyu, a hankali.

“Assalamu alaikum, masu lasisi.”

Ayyashi ya dubi mahaifinsa. Tsohon ya gyaɗa kai. Ya buɗe.

Bushta ba babban mutum ba ne a jiki. Gajere ne, fes da shi, gemu a gyare, farar jallabiya ba ko ɗigo. Kwandon ɓaure ne a hannunsa, an rufe da ganye. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi kwanon magani.

“A nan ake alwalar, ko?”

Ya tsoma takalmansa ɗaya bayan ɗaya, ya shigo yana murmushi.

“Mufaddal, ɗan uwana, ka rame. Ayyashi, karɓi wannan ka kai wa mahaifiyarku, ka ce daga bishiyar da take so ne. A'a, bari, ajiye tukuna. Ƙila ni in kai mata da kaina, mun daɗe ba mu gaisa ba.”

Ya ajiye kwandon kusa da kwanon bisarar da ya riga ya huce.

“Injiniya. 'Yar albarka. Kin dawo lafiya daga Fas?”

“Lafiya.”

“Ba a gaida baffa?”

“Ina kwana, Baffa Bushta.”

“Yawwa.”

Ya taka a hankali zuwa layi na bakwai, hannaye a baya. Ya bi shi da kallo daga farko har ƙarshe. Ya ga wanda ke yashe a ƙasa. Ya sunkuya ya ɗauke shi kamar mai ɗaukar jariri, ya duba saiwar, ya shinshina.

Murmushin bai bar fuskarsa ba. Shi ne abin da ya fi tsorata ta.

“Lafiyarsu ƙalau na kawo su.”

“Da cutarsu suka zo,” in ji Yamna. Ita kanta ta yi mamakin yadda muryar ta fita. “A ƙasarka take.”

“Ƙasata.” Ya jinjina kai. “Ƙasar da ta ciyar da gidan nan shekara ashirin, yau ita ce mai cuta. Ka ji karatu, Mufaddal.”

“Yarinya ce, Bushta. Ba ta san…”

“Ta sani mana. Dubi idonta. Ka faɗa mata, ko? Madalla. Ka rage min aiki.”

Ya mayar da tsiron cikin raminsa, ya gyara masa zama, ya share yatsunsa da hankici.

“Wa ya rufe musu ruwa?”

Ya nuna bututun layin.

“Bututun nan ba ya motsi. Sauran suna motsi. Ni ban yi makaranta ba, amma ina da kunne.”

“Ni na sa a rufe,” in ji Yamna. “In ba a rufe ba sauran za su mutu.”

“In an rufe fa?”

“Waɗannan za su bushe kafin gobe.”

“To kin ga. Ayyashi, ɗana, buɗe.”

Ayyashi ya dubi ƙanwarsa. Ya dubi kwandon ɓaure. Ya je ya murɗa jan hannun hagu. Ruwa ya sake gudu a layi na bakwai, ƙararsa kamar mai kurkure baki.

“Ga yadda za a yi,” in ji Bushta. “Ke likitarsu ce. Duk maganin da kike so, ko a birnin Tanja yake, kafin magariba yana hannunki. Ranar Alhamis kuma in baƙinku sun zo, ke kika san rumfarki, ke za ki ja su inda za su yanka. Layi goma sha ɗaya bai ishe su ba?”

“Su suke zaɓa, ba ni ba.”

“Mutum ne su. Ana ba su shayi, ana ja musu hira.”

“In sun mutu duk da haka fa?”

Ya dube ta da tausayi, kamar ta yi tambayar yara.

“Ba za su mutu ba. Kina son mahaifiyarki.”

Wayarta ta ɗauki ƙara a aljihun rigar aiki.

Ta bar ta tana yi. Ta katse. Ta sake ɗauka.

“Ɗauki mana,” in ji Bushta. “Kada a ce baffa ya hana ki saurayi.”

Ta ciro. Ta duba sunan. Dakta Nuzha, masaniyar shuka ta kamfanin maganin da ya ba su iri, wanda kuma zai sayi girbin. Jiya da la'asar, da dabara ta ƙare mata, ta ɗauki hoton ganyen layi na bakwai guda shida ta tura mata, ta rubuta a ƙasa: Dakta, don Allah me nake ragewa a takin nan? Abin da aka ji a rumfar nan da safen nan ya sa ta manta sam.

“Wace ce?”

“Wata ce… daga aiki.”

“To sa mu ji tare. Ai duk aikinmu ɗaya yanzu.”

“Baffa…”

“Buɗe muryar, 'yata.”

Ta danna. Yatsanta ya bar tabon jar ƙasa a kan gilashin.

“Yamna? Kina ji na?” Muryar matar ta cika rumfar, da ƙarar mota a bayanta.

“Ina ji, Dakta.”

“Sai da safen nan na buɗe hotunanki. Ke kaɗai ce a wurin?”

Bushta ya ɗaga yatsa ɗaya ya ɗora a leɓensa.

“Ni kaɗai ce.”

“To ki saurare ni da kyau. Ba taki ba ne matsalarki. Ganyen da kika turo min ba na irinmu ba ne. Na ƙara girman hoto na huɗu, lambar wuyansa ma an taɓa ta. Ban ce ke ba ce, na san ki. Amma doka ta ɗaure ni, dole na sanar.”

Mufaddal ya miƙe daga kan bokitin, carbin ya zube ƙasa.

“Dakta, don Allah, ki ba ni zuwa Alhamis…”

“Babu sauran Alhamis. Kada ki taɓa komai, kada ki cire ko ganye ɗaya, kada ki bar kowa ya fita da komai. Mun wuce gadar kogin Warga.”

“Ku… ku da wa?”

“Motar hukuma biyu ce a bayana, Yamna. Minti goma.”

Layin ya katse.

Bushta ya sauke yatsansa a hankali. A karo na farko tun shigowarsa babu murmushi a fuskarsa. Bai dubi shukarsa ba. Bai dubi Mufaddal ba. Ya taka zuwa benci, ya ɗauki kwandon ɓauren ya rataya a hannu.

“Minti goma,” ya ce. “Ya isa a sha shayi. Mahaifiyarku tana ciki?”